Furen da Aka Bari a Bakin Riga

A bakin rigar, ta gefen hagu, akwai fure ɗaya da ba a ɗinka ba. Ina wucewa ta gaban rumfar Doña Fide a kasuwar Ticul na gan shi, lokacin da iska ta ɗaga rigar da ke rataye ta sake ta. Sauran furannin duk sun cika, ja da ruwan goro da shuɗi, sun zagaye wuyan da bakin. Wannan kuwa zanen fensir ne a kan farin yadi.

Na tsaya. Cikina ya shiga wata na bakwai, kuma na rasa abin sawa. Wandunan da nake zuwa makaranta da su sun daina rufuwa, sai in ɗaure maɓallin da robar gashi in saki riga a kai. Rigunan masu ciki da mijina Wilberth ya aiko min daga Cancún, inda yake aiki a otal, yadinsu kamar leda yake. Kafin rana ta take sun manne min a baya, ƙuraje sun feso min a ƙarƙashin ƙirji. Ga shi 'yan sakandare nake koya wa ilimin halittu, yaran da ba abin da ke wuce idonsu.

Tun da na tafi jami'a a Mérida na daina sa hipil, irin wannan farar rigar ta matanmu mai surfani, sai ranar biki. Amma na san abin da furen nan yake nufi. A gidajenmu in za a yi wa mai ciki hipil, ana barin fure ɗaya a buɗe. Ƙofar jariri ke nan. Ba a rufe furen sai jaririn ya iso ya yi kuka, sannan uwar ta zauna da allurarta ta cike. Don haka da na ga zanen fensir, na ɗauka sabuwa ce, an yi ta ana jiran mai ciki irina.

"Malama," in ji Doña Fide, "wannan cikin ai shi ke riga ki shiga aji. Zo ki gwada, kada ki tsaya kina kallo kamar baƙuwa."

Ba na iya ciniki, ba na ma iya kallon idon mai sayarwa. Ta naɗe min ita a takarda, na biya na karɓa. Da na juya, sai na ga wata mata tsaye kusa da mai lemo. Sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Gashinta a jiƙe yake kamar yanzu ta fito wanka, ta soke allura a wuyan rigarta da jan zare yana lilo, yadda masu surfani ke yi. Ba fuskata take kallo ba. Ƙunshin da ke hannuna take kallo.

Ranar Litinin na sa rigar da siket ɗin ciki mai leshi a baki, da 'yan kunnen zinariya na marigayiya mahaifiyarmu, da takalmi marar tudu. Yadin ya kwanta min kamar ya san jikina. Iska na shiga ta ƙasa ta fita ta hammata. Ban tuna rabon da in yi numfashi har ƙasan ciki ba sai ranar. 'Yan matan ajina suka yi ta cewa, "Malama, yau kin fito." Yarinyar da ke cikina, wadda hoton asibiti ya riga ya nuna mana mace ce, ta yi ta harbi har aka tashi.

Yayata Mirna na zaune a tsakar gida tana ɓare kabewa da na dawo. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ikon Allah. Digiri ya koma ƙauye. Landy, ba ke ce kika ce hipil kayan tsofaffi ba ne?"

"Ban taɓa cewa haka ba."

"Fuskarki ta ce. Juya mu gani. To, ba laifi. Ita 'yar hayar taki ta yarda da sabon ɗakin?"

Kakarmu, wadda muke kira Chichí, tana kwance cikin ragarta ta lilo a bakin ƙofa. Idonta ya yi yana, yatsunta sun lanƙwashe, ta daɗe da barin allura. Ta ce in matso. Ta kama bakin rigar ta murza, ta kai hanci ta shinshina.

"Sabon yadi ba ya kwanciya haka," ta ce. "An wanke wannan. An sha wanke shi."

Yatsunta suka bi furannin har suka iso wurin da aka bari, suka tsaya.

"Wa ya fara shi?"

Na sunkuya da ƙyar na duba. Furen mai kunnuwa biyar ne a zane. Ɗaya daga ciki, wanda ya jingina da ganyen furen da ke kusa, an riga an cike shi da jan zare. Da farko na ɗauka ɓangaren ganyen ne.

"Hannun mai ɗinki ne ya zarce," in ji Mirna. "Chichí, kada ki tsorata ta. Wannan ko inuwarta ta gaishe ta sai ta ba ta haƙuri."

Chichí ta saki rigar, ta goge yatsunta a jikin raga.

Na wanke ta da yamma, washegari na shanya a igiyar da ke bayan gida, tsakanin bishiyar lemo da katangar duwatsu. Da na kwaso ta, kunnuwa biyu ne a cike.

Na zauna a bakin gado ina juya ta. Ɗinkin ƙanana ne, a jere, ba ƙulli ko ɗaya a baya. Na kai wa Mirna.

"Ke kika yi?"

"Ni? Maɓallin rigar mijina ma da fil nake riƙe shi. Tun farko biyu ne, ba ki ƙirga daidai ba. Masu ciki ai ƙwaƙwalwarsu a mahaifa take."

Na so in yarda da ita. Amma a wanki na gaba suka zama uku. A ranar ce kuma, ina dawowa daga makaranta a keken haya da tsakar rana, na hango matar nan ta kasuwa a lungun bayan gidanmu. Tana tsaye jikin katangar, wadda ba ta wuce ƙugu ba, hannunta a kan duwatsun. Duk unguwar ta shige ɗaki saboda zafi, karnuka ma sun kwanta ƙarƙashin motoci. Gashinta har yanzu a jiƙe yake. Mai keken ya wuce ban tsayar da shi ba.

Na ce a raina zan yi gadi. Wanki na uku na ja kujera na zauna a inuwar lemon, idona a kan igiya. Chichí ta kira ni in miƙo mata ruwa. Ban daɗe ba, iyakar in ɗebo in ba ta. Da na dawo igiyar na ɗan rawa, alhali ko ganye ba ya motsi. Kunnuwa huɗu.

Na nufi kasuwa da rigar a jaka. Doña Fide ta ganni ta fara gyara kayan da suke a gyare.

"Doña Fide, ta wa ce?"

"Taki ce mana, 'yata. Ba ki biya ba?"

Na ciro bakin rigar na shimfiɗa a kan teburinta. Ta duba. Ta yi alamar gicciye a goshi da ƙirji, ta ja kujerarta baya.

"Da na rataye ta ɗaya ne," ta ce a hankali.

"Na sani."

"Cikin ƙunshi ta zo min, daga wani ƙauye ta hanyar Chapab. Surukar yarinyar da ta yi rigar ce ta kawo. Addy sunan yarinyar, hannunta a surfani ba na biyu. Shekara da shekaru tana neman haihuwa. Da ta samu, ta kai wata tara lafiya, murna ta hana ta haƙuri. Ta ce kunne ɗaya kawai za ta fara, don ta ga yadda launin zai zauna. To. Yaron ya zo, bai yi kuka ba."

"Ita fa?"

Doña Fide ta dubi wajen mai lemo, ta dawo da idonta.

"Wasu sun ce ta tafi Cancún aikin wanki. Wasu ba haka suka ce ba. Ni ban tambaya ba."

"Ki karɓi abarki. Ba na son komai."

"A'a. Kin yi gumi a cikinta, 'yata. Ƙofar ta zama taki. Ba a mayarwa, ba a ƙonawa. Ki dai hana a rufe."

Na koma gida na ninke rigar na tura ta can ƙasan akwati. Na koma wa rigunan leda. Kwana biyu yarinyar ta yi shiru. Ba shiru gaba ɗaya ba, tana ɗan juyi can ƙasa kamar mai barci a wani ɗaki. Na je asibiti. Likita ta ɗora min na'ura, muka ji bugun zuciyar tare, ta ce komai daidai, zafi ne, in sha ruwa in kwanta ta gefen hagu. Ni da nake zana wa yara mahaifa a allo na san gaskiya ta faɗa. Na sha ruwa, na kwanta ta hagu. Shiru.

Rana ta uku na buɗe akwatin na zura rigar. Kafin bakinta ya sauka gwiwata, yarinyar ta harbe ni a haƙarƙari har sai da na dafa bango.

Daga nan na san ba zan iya rabuwa da ita ba. Sai na riƙa wanke ta da kaina a banɗaki, in rataye ta a cikin ɗakina, taga a rufe, fanka na kaɗa ta. Na gwada warware ɗinkin da bakin allura, zaren ya ƙi fita, kamar da shi aka saƙa yadin. Na bar shi. Kunne ɗaya ya rage, kuma haihuwa saura wata guda da 'yan kwanaki. Na ce zan iya riƙewa.

Ban gaya wa Wilberth ba. In ya kira sai in ce lafiya lau, ƙafa ce kawai ke kumbura. Mirna na gaya wa, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wato fatalwa ce ke miki ɗinki kyauta. Don Allah ki tambaye ta ko tana sa zif, ina da siket biyu."

"Yaya, kada dai ki taɓa min ita."

"Wa zai taɓa miki? Ki yi ta shaƙar ɗanshi a ɗaki."

Ranar Asabar na tashi jikina ba ƙarfi. Na cire rigar na jiƙa ta a bokiti da niyyar in wanke in na huta, na sa tsohuwar rigar Wilberth, na hau raga. Tun safe yarinyar ba ta motsa ba. Na ce don na cire rigar ne, bari in ɗan rufe ido.

Ƙararrawar coci ta tsakar rana ce ta tashe ni. Gidan tsit. Na dafa cikina na danna gefen da ƙafarta take, inda kullum take mayar min da martani. Ba komai. Cikin ya yi nauyi, ya yi sanyi a tafin hannuna duk da zafin da ake yi. Na leƙa banɗaki. Bokitin a kife yake, an ɗauraye shi.

"Chichí, ina Mirna?"

"Ta tafi kai wa mijinta abinci. Ta ce ta gaji da ganin kina wahala da cikin nan, ta haɗa har naki ta wanke." Ta ɗago kai daga raga, fararen idanunta suna neman inda nake. "Landy. Tun ɗazu kaji suka daina kuka a baya."

Kwandon ɗinkin Chichí na nan a kan tebur inda ya shekara ba a taɓa shi ba. Na ɗauki almakashi. Ban san me zan yi da shi ba.

Hasken bayan gida ya kashe min ido. Kayan Mirna na jere a igiya, ba wanda ke motsi. A ƙarshen igiyar, ƙarƙashin lemon, matar na durƙushe a gaban rigata. Ta kama bakin da hannun hagu, dama na shiga yana fita. Ruwa na ɗiga daga gashinta a kan ƙasa, amma ƙasar a bushe take. Ta cike rabin kunne na biyar.

Ni mutum ce da in aka taka min ƙafa a mota ni ke cewa a yi haƙuri. A jami'a na yi shekaru ban ɗaga hannu a aji ba. Na tsaya a bayanta ina jin ƙarar zare yana ratsa yadi.

"Addy," na ce.

Hannun ya tsaya. Ba ta juyo ba.

"Addy, don Allah. Akwai mutum a hanya."

Sai ta juyo. Na zaci zan ga abin tsoro. Fuskar mace ce da ta daɗe ba ta yi barci ba, leɓɓanta sun tsage, gefen yatsanta duk sukan allura. Ta dubi cikina, ta dubi furen, ta sake duban cikina. Ba mugunta a idonta. Ta yi kama da wadda aka tsayar a tsakiyar aiki, aikin da in ba ta gama ba ba za ta iya zama ba. Gaban rigarta a jiƙe yake ta wurin nono, wuri biyu.

Ta mayar da kanta ga ɗinkin. Allurar ta sake shiga.

A nan na gane ba don ta rufe wa 'yata hanya ta zo ba. Furenta ne. Ta fara shi don ɗanta, aka ɗauke rigar aka sayar kafin ta rufe, ƙofarsa na nan a buɗe tun ranar. Sai dai yanzu ƙofa ɗaya muke da ita ni da ita.

Na durƙusa kusa da ita, gwiwoyina na ƙara. Wani sanyi na fitowa daga jikinta kamar na bakin rijiya. Na kama yadin sama da hannunta. Yatsuna suka taɓa nata, ban janye ba.

"Tsaya kaɗan," na ce. "Naki ne. Zan ba ki."

Na sa almakashi a bakin rigar. Ya daɗe ba a wasa shi ba, yana tauna yadin maimakon ya yanka. Ita kuma ba ta daina ba, allurar na tafiya, farin da ya rage a kunnen na raguwa. Na bi gefen furen ina zagayawa, na yanke ganyen da ke kusa, na yanke rabin wani shuɗin fure da ba ruwansa. Saura ɗan zare biyu ko uku su riƙe, ita ma saura ɗinki kaɗan. Na jefar da almakashin na fizge da hannu.

Ƙyallen ya rabu ya zauna a tafinta, allurar na soke a jiki. Rigata ta koma tana lilo a igiya da rami a bakinta wanda hannu zai shige.

Ta kalli abin da ke hannunta. Ta gyara zama, ta ɗora shi a gwiwa, ta yi ɗinkin da ya rage a natse, ba gaggawa. Ta kai zaren baki ta datse da haƙori. Ta shafa furen da babban yatsa, kunnuwa biyar, ja wur.

Ina durƙushe, hannuna biyu a kan cikina. Ban ji komai ba. Na ji kaza ta yi kuka a bayan kwamin wanki, wata ta amsa. Can nesa wani ya kunna rediyo. Sannan, ƙasa da haƙarƙarina na dama, wani abu ya turo tafin hannuna a hankali, ya koma, ya dawo da ƙarfi har numfashina ya ɗauke.

Na ji an buɗe ƙofar gaba, muryar Mirna na tahowa ta cikin gida.

"Malama, kin tashi? Kin ga na wanke miki rigar fatalwarki, ko godiya? Chichí, me ya sa kike zaune haka kamar an yi mutuwa?"

Addy ta miƙe. Ta soke allurar a wuyan rigarta, ba zare a jiki. Ta ninke ƙyallen biyu ta tura shi cikin rigarta ta wurin ƙirji, ta dafe da hannu yadda ake dafe kan jariri. Ta dubi ramin da ke bakin rigata, ta dubi cikina sau ɗaya. Sannan ta bi ta ƙarƙashin lemon, ta ratsa ta inda duwatsun katanga suka zube, ta shiga lungu, ta tafi.